Sikelin Baba Gariba

A ofis aka ba ni takarda mai layi-layi,
sunayen ƙasashe a jere kamar ɗalibai ranar sakamako.
Wannan ta ɗaya, waccan ta tara,
tamu can ƙasa, inda babban yatsa ke danne takarda.
Wai awo ne: cikin abin da ƙasa ta ci,
nawa ta mayar tukunya, nawa ta kai juji.

Na ninke ta huɗu, na hau motar Suwame,
unguwar da ƙarfe ba ya mutuwa,
sai dai ya sake suna.

Baba Gariba na zaune gaban sikelinsa,
tsoho mai ƙugiya, allurarsa na rawar sanyi ko da rana tsaka.
Na karanta masa. Ya ce, sake.
Na sake.
Ya juya goro a kumatu, ya ce:
Rahinatu, wa ya auna?
Shekara talatin da ɗaya ina wurin nan,
ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni kilo.

Ya laluba aljihu ya fito da noti guda,
baƙi wuluk, kansa ya side.
Wannan, in ji shi, ta teku ya zo cikin mota mai jini a jika.
Ya yi tasi a Takoradi,
ya yi jigilar doya a hanyar Tamale har motar ta durƙusa,
gobe injin niƙan Maame Serwaa zai riƙe.
A wane layi suka sa shi?
Can da aka yar da shi, an ce sun share gida, an ba su maki.
Nan da muka tashe shi sau uku
ko sannu ba a ce mana ba.

Tukunyar da aka dafa tuwon sunanki,
kan inji ce, Fuseni ya narka a Aboabo.
Takalmin nan nawa taya ne.
Ƙofar shagon nan ta taɓa zama bayan firji.
Je ki gaya musu.

Na ji daɗi har wuya.
Na kama takardar zan yaga.

Sai Ishawu ya yi tari a bayan rumfa,
can inda ake ƙona waya a fid da jan ƙarfe,
tari mai tsawo, irin wanda ke neman bango ya dafa.
Hayaƙi kore-kore ya ratso tsakaninmu.
Ƙarƙashin bencin, baƙin mai na bin kwata a hankali,
ya san hanyar rafi, ba ya tambaya.

Baba bai dube ni ba.
Ya daɗe yana murza notin a tafin hannu.

Wannan ma, ya ce, ba su auna ba.

Kada ki yaga.
Mai awo ba ya fushi da mudu.
Juya bayanta, ai fari ne, rubuta namu:
abin da muka raya, da abin da yake ci a jikinmu.
Sikelin da ke faɗin abin da mai shi ke so
ba sikeli ba ne, maroƙi ne.

Na durƙusa, na ɗora takardar a gwiwa.
Noti ɗaya, rai huɗu.
Tukunya ɗaya, suna bakwai da biki biyu.
Jan ƙarfe, kilo sha shida tun safe.
Mai a kwata, ban san nawa ba.
Na rubuta: tari.
Alƙalamin ya tsaya, don layin na neman lamba.

Wani yaro ya turo baro cike da ƙarafa.
Baba ya miƙe, ya sauke ƙugiya.
Allurar ba ta koma sifiri ba,
ta tsaya kaɗan a gefen da zai ci riba.
Ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce,
ya jira ta dawo,
sannan ya rataya kayan.