Darasin Daren Talata

Daren Talata, bayan na tashi daga aiki,
a bene na biyu na ɗakin karatun Aberdeen,
Malama Isobel tana rubutu a farin allo,
alƙalaminta na kuka kamar ƙyauren da bai sha mai ba.
Mu goma sha ɗaya ne, har da Dawit direban bas,
wanda barci ke sacewa kafin a kai rabin shafi.

Ta ce: must ƙofa ce da aka buga da ƙarfi.
Should hannu ne a kafaɗa, mai ɗan nauyi.
Could kuwa kujera ce,
ki jawo ta, ki koma gefe,
mai zama ya zauna, mai tsayuwa ya tsaya.
Na rubuta a gefen takarda da harshen uwata,
don a ƙauyenmu na kan tsauni, can Nepal,
kalma ɗaya ake yi wa majinyaci: sha.

Ɗaki na bakwai, dattijo Fergus Rennie.
Shekara arba'in yana jan taru a tekun arewa,
yatsu biyu ya bar wa igiyar jirgi.
Wata uku ina buga masa ƙofa, ƙwayoyi a tafin hannuna,
wata uku yana juya mini ƙeya,
yana ƙirga tsuntsayen ruwa a kan rufin maƙwabta.
Ya ce tun da ya sauka daga jirgi
bai sake yin kyaftin ba.

Ran Laraba na ajiye magani a bakin tebur,
na jawo masa kujerar Malama:
kana iya haɗawa da shayi, in ka ga dama.
Na juya ina gyara labulen da bai karkace ba.
Na ji motsin cokali. Na ji haɗiya.
Ban waiwaya ba, shi ma bai ce uffan ba.

Tun daga ranar, shawara ta koma bakinsa.
Sunmaya, ya kamata ki sayi safar ulu, ba wannan tsumman ba.
Ya kamata ki bar cin abinci a tsaye kamar doki.
Ya kamata ki kira babarki.
Bai taɓa ce mini could ba, na lura,
tsoho ba shi da lokacin jawo kujera.
Safa dai na saya.
Kira na ce sai Lahadi,
Lahadi ta miƙa ni ga wata Lahadi.

Shekaranjiya aka cire zanin gadon ɗaki na bakwai,
aka buɗe taga, aka zare sunansa daga ƙofa.

Yau Malama ta ƙara have a bayan should,
ta ce wannan shawara ce da ta makara,
irin wadda ake ba jiya.
Ta ce kowa ya kawo misali biyu.
Dawit ya farka, ya ce da bai auri aikin dare ba, aka yi dariya.
Ni na nemi izinin fita.

A matakalar bene, sanyi na ratsa safar ulu,
na danna lambar da yatsana ya fi ni sani.
Can gida biyu saura kwata na dare.
Ta ɗauka a ƙara ta uku, muryarta cike da barci,
ba ta tambayi dalili ba.
Ta ce: kin ci abinci?
Na ce tukuna.
Ta ce: ci.