Cokalin Ɗanɗano

A Paita, kafin rana ta leƙo,
jiragen masunta sun riga sun dawo.
Ni kuwa, Eulalia Chunga, ina bakin teburina
da wuƙa, da buhun lemun tsami,
ƙanana, koraye shar, masu ruwa.

Kifinmu ba ya ganin wuta.
Yankawa nake, in barbaɗa gishiri,
in matse lemo a kai,
in tsaya ina kallon tsokar tana yin fari
kamar an ba ta tsoro.
Shi ke nan, ta nuna.
Albasa, barkono, soyayyiyar masara a gefe,
sai mai saye ya miƙo hannu.

Amma kafin bakin kowa, nawa ne.
Cokali ɗaya da sassafe, in ji ko gishiri ya ji,
ɗaya idan an ƙara lemo,
wani kuma don kawai hankalina bai kwanta ba.
Nakan riƙe romon a baki, in jujjuya shi,
in bar shi ya gaya mini gaskiya.
Shekara talatin da ɗaya.
Ku lissafa cokulan, ni na kasa.

Ruwan sanyi ne ya fara kai ƙara.
Na kurɓa, sai wani abu ya soke ni
daga haƙori har tsakar ka.
Daga baya iskar teku ma,
in na yi dariya ta samu ƙofa,
sai in rufe baki da tafin hannu
kamar mai ɓoye abin sata.

Jikata Yesenia ce ta ce,
"Kaka, ana ganin haske ta haƙoranki na gaba."
Na ɗauko madubi.
Bakinsu ya yi shara-shara kamar ɓawon albasa,
saura ya koma rawaya,
turamen ciki sun lotsa, sun yi sulɓi
kamar matakalar coci da ƙafafu suka cinye.

Likita Zoraida Paiva yarinya ce,
na san uwarta tun tana sayar mana da ƙanƙara.
Ta leƙa da ɗan madubinta, ta daɗe.
"Ba ruɓa ba ce," in ji ta, "tsami ne.
Akwai farin rufi a kan haƙori,
ya fi ƙashi tauri,
amma tsami yakan jiƙa shi ya yi laushi,
ke kuma ki zo da buroshi nan take ki kankare.
Abin da ya tafi ba ya sake tsirowa."

Na ce, tsabtata ce ta taya shi cina ke nan?
Ta sunkuyar da kai tana rubutu.
Ashe abin da ke dafa kifi ba wuta
ni ma yana dafa ni, ba hayaƙi, ba gaggawa.
Yau da gobe ba ta bar komai ba,
ko abin da ya fi ƙashi tauri.

Ta ce in kurkure da ruwa bayan kowane cokali,
in ba buroshi haƙuri na sa'a guda,
in bar yawu ya yi ɗinkinsa.
Man goge bakin da ta rubuta
kuɗin faranti shida ne.

Yanzu da hanci nake tambayar romo,
hanci kuwa yakan shara ƙarya.
Jiya tsoho Anselmo mai ɗinkin raga
ya ce gishiri ya yi kaɗan.
Bai taɓa faɗa mini haka ba.

Yesenia ta miƙo hannu ga cokalin.
Shekararta goma sha huɗu, haƙora farare tas.
Na riƙe shi. Na ƙara riƙewa.
Sannan na sakar mata,
kofin ruwa a ɗaya hannuna,
na ce, haɗiye da sauri, kada ki tsaya sauraronsa,
alhali na san
romo ba ya faɗin gaskiya
sai ga bakin da ya tsaya.