Awon Babban Yatsa

Dare bakwai ina gina wa Baba Nomau shago,
ba bulo, ba laka, ba ko azara ɗaya.
A allon kwamfuta na gina shi, mai faɗin tabarma.
Na sa takalmansa suna yawo gabas da yamma,
na rubuta sunansa da ruwan zinariya,
na sa kalangu ya tashi da zarar an turo ƙofa.
Na duba, na yaba wa kaina.

Da hantsi na shiga kasuwar Tahoua,
layin dukawa, inda warin jima
ke riga mutum amsa sallama.
Baba ya aje basilla, ya goge hannu a gwiwa,
ya zaro salularsa daga aljihun gaba:
gilashi a tsage, an ɗaure baya da roba,
rezo kara ɗaya, shi ma yana rawar sanyi.

Ya danna.
Zobe ya kama juyi
kamar akuya a turke.
Mai shayi ya zuba na fari, muka sha.
Ya zuba na biyu.
Da ƙofa ta buɗe, rabin takalmi ya leƙo,
dunduniyar ta faɗa bayan allo.
Farashi ƙanana kamar ƙwayar gero,
ya kai su nesa, ya kawo su kusa.
Ya miƙa yatsa zai taɓa "saya", ya taɓa "koma".
Kalangu ya buga sau biyu ya shaƙe.
Sai ga saƙo: megarka ta ƙare.

Bai yi faɗa ba.
Ya ce, "Sahiya, miƙo ƙafarki."
Ya aza ta bisa kwalin sukari,
ya zagaye ta da guntun gawayi.
"Shekara arba'in ina yanka fata,
ban taɓa yanka ta don idona ba.
Ƙafa ke magana, wuƙa ta bi.
Mai shiga shagon nan naki,
da wace ƙafa zai shigo?"

Na dubi hannunsa.
Babban yatsa, kauri kamar taɓarya,
zare ya yi masa hanya a gefe.
Ashe ga ƙafar.

Na koma gida na zama wanzami.
Na aske zinariya, na sallami makaɗi,
na ce wa takalma: ku tsaya wuri ɗaya,
ɗaya bisa ɗaya, kamar buhunan albasar Galmi.
Na matse kowane hoto
har ya iya ratsa rezon ƙauye bai yi haki ba.
Farashi ya miƙe tsaye, baƙi a kan fari: jika shida.
A ƙasa, inda yatsa ke hutawa,
na ɗora kore guda mai faɗi: "Kira Baba."
Wanda bai yi lakkwal ba, ga hoton baki,
ya taɓa, ya faɗi abin da yake so.

Wuta ta ɗauke, na ƙarasa da fitilar waya.

Ran Lahadi ya danna.
Kafin mai shayi ya hura gawayi, shago ya buɗe.
Ya ce "to", ya koma ɗinki.
Wannan "to" ɗin na kai gida na kwana da ita.

Kwana tara, sai ga murya daga Abijan,
hayaniyar mota a bayanta:
"Arzika ne, ɗan Illela.
Jajayen nan, lamba arba'in da uku, ƙafa biyu.
Na gaji da tafiya cikin takalmin da bai san ni ba."
Baba ya saurara sau uku.

Da zan tafi ya miƙo min ƙunshi.
Na sa. Ba su matse ba, ba su yi min yawa ba.

Ni kuwa na saye tsohuwar salularsa,
da tsagarta, da robarta.
Tana nan gefen kwamfutata.
Duk shagon da na gina,
ita ke fara shiga.