Akori-kurar Baba Arzika

A bayan rumbun albasa, nan Aliero,
take zaune kan tubala huɗu.
Kaji sun mai da ƙarƙashinta gida.
Zakin da ke goshinta ya yi tsatsa,
amma bai sunkuyar da kai ba.

Shekarar da aka haife ni ya sayo ta,
saba'in da takwas, daga Kaduna,
da kuɗin albasar rani uku
da wani bijimi da Inna ba ta yafe ba har yau.
Fijo ce, fo-o-fo, fara kamar nonon safe.
Ranar da ta shigo gari
har liman ya leƙa madubinta ya gyara rawani.

Silinda huɗu, kafireto ɗaya,
giya a jikin sitiyari:
huɗu na gaba, ɗaya na baya,
Baba yana canza su kamar mai jan carbi.
Takarda ta ce kada kaya ya wuce tan guda.
Baba ya ce takarda ba ta taɓa cin kasuwar Jega ba.
Buhu kan buhu, mutum kan buhu,
akuya kan cinyar mutum,
sifirin ya miƙe ɗoɗar kamar tabarma,
ta yi nishi, ta tafi.

In lagireto ya yi yoyo, garin taba.
In tanki ya tsage, sabulu.
In batir ya mutu, mu ne batir,
mu bakwai, ƙafa ba takalmi,
muna turi har gangaren makaranta.

Ta kai Ige asibitin Birnin Kebbi da tsakar dare,
suka tafi su uku, suka dawo su huɗu.
Ta taɓa karo da raƙumi kusa da Maiyama,
raƙumin ya tashi ya kakkaɓe, ita ta riƙe tabon.
A ƙarshe ita ta ɗauki Baba.
Ran nan ba ta nemi turi ba.

Bana sai ga wani daga Abuja,
farin takalmi, fitilar waya a hannu.
Ya durƙusa inda kaji ke kwana
yana karanta lambar inji, yana gwada ta da ta jiki.
Da suka yi daidai sai ya yi ajiyar zuciya
kamar wanda ya ga ɗansa da ya ɓata.
Ya ce irinta sun ƙare,
mahauta ƙarfe sun yanka su kilo-kilo,
masu tarawa yanzu nema suke ido rufe.

Ya faɗi kuɗi. Labbo ƙanena ya zauna ƙasa.
Sannan ya fara ragi:
tabon raƙumi, ragi,
waldar Manu Bakanike, ragi,
rubutun baya, Sannu Ba Ta Hana Zuwa,
wannan ma za a kankare.
Duk inda muka taɓa ta, can darajarta ta faɗi.

Mu tara ne magada, gona tana son rijiyar burtsatse.
Na sa hannu.

Da ake ɗaure ta kan babbar mota
ya shiga gaba, ya fito yana toshe hanci.
Yaya ake fitar da warin nan?
Na ce albasar shekara arba'in ce,
ka jarraba.

Sai ya ga kan giya,
guntun ƙirya da Baba ya sassaƙa
bayan na kamfani ya fashe a hanyar Koko.
Ba asali ba ne, in ji shi,
ya murɗe shi ya miƙo mini kyauta.

Yana aljihuna yanzu.
Gefe ɗaya ya lotsa, ya yi santsi,
daidai inda babban yatsa ke zama.
Nawa bai cika gurbin ba tukuna.