Uwar Hoto

Da jijjifi na tafi garka,
bayan Tawa, inda rijiya ke tari in an ja mata guga.
Albasar da Ɗanjimma ya bari don iri ta yi fure,
fararen kawuna kan dogayen wuya,
tsaye cirko-cirko, ba mai magana.

Na durƙusa har zanena ya sha laka.
Ƙudan zuma ɗaya ya sauka,
na riƙe numfashi, na latsa.

Da dare na zauna da shi gaban na'ura.
Farin bai ishe ni ba, na ƙara fari.
Kore na ɗura masa har ya yi gyatsa.
Ɗan tabon da tsutsa ta bari a gefe
na share shi kamar bashi daga littafi.
Na adana. Na buɗe. Na taɓa. Na adana,
na biyu kan na fari, na uku kan na biyu.
Wa ke ƙirga loma a gidansu?
Na tura wa Barira a Yamai,
ta maido mani shi da yabo buhu guda,
kuma wanda ta maido, shi na kai wanki.

Tsoho Zabairu na bakin kasuwa,
shekara arba'in yana ɗaukar fuskokin katin ɗan ƙasa,
idonsa na hagu ya yi yana,
na dama kuwa ba a yi masa ƙarya.
Ya kai takardar bakin ƙofa, ya karkata ta ga haske,
ya daɗe, har shayinsa ya huce.

"Ɗiyata, wanga hure ne ko auduga?
Ina jijiyoyin? Ina ƙafar ƙudan?
Dubi nan, duk ya farfashe gida-gida
kamar saƙar tabarma.
Hatsi in kina juye shi daga tiya zuwa tiya,
kowace juya ƙasa na cin rabonta.
Ba ki gani ranar farko.
Ranar goma kina cewa an yi maki sata."

Na ce ai gyara na yi.
Ya ce, "Gyaran gangar auzinawa.
Kawo uwar, mu koma tushe."

Na yi shiru. Fanka na juyawa.
Uwar na taka da ƙafata tun daren farko,
na gina ƴarta bisa kabarinta.

Bai yi faɗa ba. Ya kurɓi shayin mai sanyi.
"Tambayi mai garka ko yana miya da iri."

Washegari na koma da takardar a jaka.
Ɗanjimma ya goge hannu a wando, ya karɓa,
ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa,
ya ce, "Kyakkyawa. Ta wace ƙasa ce?"
Bayansa fage ne fayau:
ya yanke kawunan jiya da marece,
suna shanye kan buhu, sun koma ruwan ƙasa,
baƙaƙen ƙwayoyi na zuba kamar kwalli.
Sai baɗi, in ji shi, in da rai.

Cikin waya na samu saura ɗaya,
wanda na raina, ban ko buɗe ba:
ya ɗan karkace, yatsana ya shigo ta kusurwa,
amma tabon tsutsa na nan,
raɓa na nan, ɗigo bakwai, na ƙirga,
ƙafar ƙudan ɗauke da garinta rawaya.

Na yi masa ɗaki shi kaɗai, na sa masa suna,
na kwafi ƴa biyu don wasan hannuna.
Zabairu ya gan shi ranar Lahadi.
Bai ce ya yi kyau ba.
Ya ce, "Yatsan nan kawai za a yanke. Kaɗan.
Kuma kar ki taɓa tsutsar."