Dillalin da Ba Ya Shan Shayi

Daren Talata mun kwanta mu ne na fari.
Duk wanda ya rubuta "mota a Birnin Kebbi"
sunan Alhaji Makau ke fara yi masa sallama.
Da hantsin Laraba na duba waya,
na ja, na ja, har babban yatsa ya gaji,
sai a shafi na huɗu na tsinto mu
ƙarƙashin wani mai facin taya na Kalgo.

Ba a yi gobara ba. Kwastan ba su zo ba.
Mota goma sha tara na nan jere a bakin titin Jega,
ni na wanke su, gilashi na ɗaukar ido:
Kamiri biyu, tsohuwar Sharon,
Korola mai ruwan toka da ta shigo ta Kamba
ko wata ba ta yi ba.
Waya ce kurum ta yi shiru,
irin shirun gidan da aka watse biki.

Alhaji ya ce, "Sirajo, wa munka ɓata wa?"
Na ce, "Injin bincike ne ya sake mudu."
Ya ce, "Ina gidansa?"
Na yi dariya, shi bai yi ba.

Ya ce, "Zamanin Ɗan-Tani dillali,
in ya juya maka baya, ka san magani:
goro fari, kofin shayi mai kauri,
ka je ta'aziyyar gwaggonsa har Bunza,
gobe ya jawo maka mai saye ta hannun riga.
Wannan fa?"
Na ce, "Wannan ba shi da gwaggo."

Abin da ban faɗa ba, ga shi a nan:
ni na cusa "mota mai arha, mota mai arha"
sau arba'in a gindin kowane hoto,
kamar mai cika buhun shinkafa da ƙaiƙayi.
Shekara uku mudu na karɓa.
Yanzu an sa masa rariya a baki.

Wai shafi ya buɗe kafin data ta ƙone.
Wai a ji bakin waɗanda suka saya suka hau.
Wai a faɗi tafiyar da mota ta yi, ta gaskiya.
Da na kai nan Alhaji ya dubi Sharon,
ya dubi takalminsa,
ya ce azahar ta yi.

Da dare na share ƙaiƙayin duka.
Na rubuta: "Sharon. Ƙofar baya ta sha guduma.
Na'urar sanyi ta mutu. Inji lafiya lau."
Hannuna na rawa, kamar na kai ƙarar ubangida.

Mako shida, ko kuskuren lamba babu.
Ƙura ta sauka, na wanke, ta sauka.
Sai ga wani direba daga Yauri, Mairiga,
bai dubi Kamiri ba, bai dubi kowa ba,
ya wuce ƙofar baya ya ƙwanƙwasa,
ya ce, "Ita ce kunka rubuta.
Tun da kun faɗi wannan, inji ma na yarda."
Ciniki bai kai shan ruwa ba.

Yau muna shafi na biyu, can wajen wutsiya.
Ban san ko gaskiyar ce ta ɗaga mu ba,
ko dillalin ne ya sake juyi cikin barcinsa.
Kakana masunci ne, ya ce gulbi
ba ya sallama in zai bar mashaya.

Kullum da safe Alhaji kan leƙo ta tagar mota:
"Ina mutumin ya ajiye mu?"
Sai in goge kumfa a jikin wando,
in ciro waya da jiƙaƙƙen hannu,
in fara ja.