Mariƙin Baba Kakale

Tumba ce ta kira ni daga Birnin Kebbi,
muryarta na rawa a waya:
"Ka je Yelwa, bayan tashar kwale-kwale,
gida mai shuɗiyar ƙofa.
Babana ya faɗi a banɗaki.
Santsin tayil ne. Ƙugu bai karye ba,
amma ka san tsufa da ruwa."

Na loda baho a bayan akori-kura,
fari tas, da ledarsa,
buhun siminti ɗaya, bulo shida,
mariƙin ƙarfen da ba ya tsatsa,
ga Nomau, yarona, bisa kaya
yana shan rake har muka isa.

Tsohon na kan tabarma a zaure,
da ka ya amsa sallama.
Shekara arba'in yana fito, Zamare zuwa Rofiya,
mutum da jaki, buhu da randa,
Kwara ba ta taɓa kai shi ƙasa ba.
Sai ga ɗaki taku huɗu,
sai ga rabin bokitin ruwa.

Baho ba tasa ba ne da za a dire a tafi.
Ƙasansa iska ce, sai an yi masa mazauni,
in ba haka ba ranar da aka shiga zai lotsa,
wata rana ya tsage.
Na jera bulo, na kwaɓa siminti da yashin bakin kogi,
muka ɗora, Nomau ta kai, ni ta ƙafa.
Na aza lebur har ɗigon nan ya tsaya tsakiya,
na cika shi maƙil
don ya zauna da nauyin ruwa.

Sai mariƙi. Na huda bango sau huɗu,
na cusa roba, na ɗaure sukuru,
na goge ƙarfen da gefen riga.
"Baba, zo ka gwada."

Ya taso a hankali, yana dafa Nomau.
Ya dube shi yadda ake duban filafilin aro.
Ya kama. Ya jingina baya.
Fizga ɗaya.
Ga mariƙi a hannunsa da guntun filasta,
ga rami huɗu suna kallona.
Nomau ya cusa dariya cikin riga.

"Yaro, ado ka yi ko aiki?
Hannun mai faɗuwa ba ya lallashi.
Na ciro mutane daga tsakiyar kogi,
na san nauyin mai tsoro,
biyu ne na nauyin da ya shiga da shi ruwa."

Ban ce komai ba. Bulon rami ne da shi,
na kuwa ji amonsa tun a bugun farko,
na yi kamar ban ji ba.
Na fasa, na ɗura kankare har wuya,
na ratsa dogon noti ya fita ta waje,
na toshe shi da faifan ƙarfe a baya.
Tef ya ce nan. Tsohon ya ce a'a, ƙasa kaɗan,
inda hannu ke zuwa ba tare da shawara ba.
Na bi tasa.

Kwana uku muka dawo.
Ya fizga, ya sake, ya sa hannu biyu,
jijiyar wuyansa ta tashi.
Bango bai ce uffan ba.
Na shimfiɗa tabarmar roba a cikin bahon,
ya taka ta da babban yatsa,
kamar mai jin zurfi kafin ya sauka.

Bai yi godiya ba.
Busasshen tarwaɗa uku ya sa aka naɗe mana a jarida,
ya shiga, ya turo ƙofa.

Muna haɗa kaya na ji famfo ya buɗe,
na ji shi yana magana ƙasa-ƙasa:
"Jirgin banza, ba ka zuwa ko'ina,
kuma ruwan a ciki ka ajiye shi."

Na kira Tumba, ban yi bayani ba,
na kara wayar a jikin ƙofa
ta ji da kunnenta.